Ɗa Ɗaya Ga Kowane Sarki

Glen Torra, Satumba 1745

Zuwa ga Yaya Iseabail,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Mu nan jiki lafiya, hankali ne ba kwance ba.

Kin ji jikan korarren sarki ya sauka gaɓar teku yana neman sarautar gidansu. Mijina Farquhar ya kira 'ya'yanmu biyu, ya ce za a yi yadda iyayensa shugabannin zuriyar Torra suka yi a tawayen baya: ɗa ɗaya ga kowane sarki, ko wa ya ci, ƙasarmu tana nan. Kin san shi, in ya ambaci dabarar kakanni har ƙirji yake buɗewa, sai ka ce shi ya ƙago ta.

Abin da ya ƙi gani shi ne ya raba su a juye. Torquil, babban, tun yana yaro zuciyarsa na tare da korarren sarki, amma shi ne magaji, dole ya sa jar rigar sojan gwamnati inda ake ganin nasara take. Autana Aeneas, da ya dawo karatu daga Edinburgh yana yi wa tawayen dariya, shi aka ɗora gaban manomanmu su shiga tawayen. Sun roƙi a musanya, uban ya ce ba a wasa da ran magaji. Aeneas ya ce, "Ashe ni ne na zubarwa, Baba." Ya yi murmushi, ya ɗauki takobi. Ban yafe wa Farquhar ba, kuma na faɗa masa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Marsali

Glen Torra, Yuni 1746

Yaya Iseabail,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin bana bai wahalar da ke ba. Na gode da ta'aziyya. Aeneas yana can fadamar da aka yi yaƙin, a rami ɗaya da mutanenmu. Ko gawarsa ban gani ba.

Akwai abin da ba ki ji ba. An aiko sojoji su ƙone gidajen 'yan tawaye, kuma don a gwada biyayyar gidanmu, Torquil aka ba aikin kwarinmu. Da ya ƙi, da an ƙwace ƙasar. Ya yi, Yaya. Ya sa wa jinkar Beathag wuta, matar da ta shayar da shi, tana tsaye tana kiransa da sunan yarinta. An kora shanu, mutanenmu da suka rage sun watse cikin duwatsu.

Da aka tabbatar mana ƙasar, Torquil ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Uban ya fito da murna zai rungume shi, ya ja baya. Ya ce, "Ga ƙasarka na tsare maka. Ka nemi wanda zai gaje ta." Ni kaɗai ya riƙe wa hannu. An ce ya shiga jirgin Amurka, ya canza suna.

Farquhar yana fita kullum ya zaga iyakokinsa, babu mai gaishe shi don babu kowa. Na gaji, Yaya, ko kuka ya daina zuwa. Baƙi na zuwa suna yaba masa hikima, wai ko taku ɗaya na ƙasarsa bai rasa ba. Ni ce nake zuba musu abinci.

Ki gaida yara, ki riƙe su kusa.

Taki,
Marsali