Kar Ki Zo Winnipeg

Madawa, 4 ga Maris 2024

Zuwa ga Yayana Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin ƙasarku? Ranar Juma'a na je gida Tama. Inna tana gaishe ka, ta ce albasar bana ta yi kai, sai dai gwiwa na damun ta in ta daɗe a garka.

Na kira ka sau uku ban same ka ba, kuma labarin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Yaya, na samu bursi, tallafin karatu! Shekara biyu na digirin masta a Kanada, kan ƙasar noma da ruwa. Sun ce in zaɓi gari kafin ƙarshen wata: Kebek ko Winnipeg.

Malamina na jami'ar Tawa ya ce Kebek, don da Faransanci ake karatu, kuma akwai wata farfesa da ta yi shekaru tana aiki kan gangaren Keita, ta karanta aikina na lisansi, digirina na farko, ta yaba. A Winnipeg kuwa sai na sake zama kan Ingilishi. Na yi dariya na ce masa, Malam, a Winnipeg yayana yake, shekara biyar ban sa shi a ido ba. Ingilishin ai ba dutse ba ne.

Da na gaya wa Inna sai ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Har ta fara tara maka kuka da busasshiyar kuɓewa. Ka faɗa mini wane irin manto, rigar sanyi, ake sawa a can, don na ga an rubuta sanyi na kai talatin ƙasa da sifili, ni kuwa watan Janairu na Tama ma cikin bargo biyu nake kwana.

Ƙanwarka,
Hafsa

Winnipeg, 6 ga Maris

Hafsa,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki. Barka, Allah ya sa albarka.

Ki zaɓi Kebek. Malaminki ya faɗa miki gaskiya. Kar ki zo Winnipeg. Garin ba zai yi miki ba, kuma ko kin zo ba ni da lokacin tarbar ki, ba ni da wurin da zan sauke ki. Tsakaninmu da Kebek tafiyar kwana biyu ce a mota, to kar ki sa ran ziyara.

Ki ce wa Inna ta bar kukar, akwai ta a nan. Ki gaishe ta.

Zakariya'u

Madawa, 7 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a biro, wurin aikina, sai na fita bayan gini na zauna. Na sake duba lambar ko wani ne ya rubuto.

Ba ka da wurin da za ka sauke ni? Kai da ka goya ni a keke kullum Lahadi daga Tama zuwa Buza lokacin da nake koleji, in mun iso tudu ka sauka ka tura ni, kana cewa likitar gona ba ta taka ƙasa? Ni ce yau ba ni da wuri?

In aure ka yi da ƴar can, ai ba haram ba ne, ka faɗa. In ɗa ne da kai, ɗanmu ne. In wani abu na yi maka, ka faɗa mini in ba ka haƙuri. Jiya Inna ta kira ta wayar maƙwabciyarmu Rahinatu ta ce, “Me yayanki ya ce?” Na ce mata ka yi murna ƙwarai. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya, kuma kai ka sa ni.

Ban cike dosiye ba tukuna, takardun zaɓen garin. Ina jiran amsa ta mutum.

Hafsa

Winnipeg, 12 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Hafsa,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan ke da mahaifiyarku kuna lahiya. Ba ki san ni ba. Sunana Jika, mutumen Tamaske ne ni, shekara goma sha tara ina tuƙa taksi a garin nan. Yayanki a gidana yake zaune. A wayarshi na ɗauki lambarki, bai sani ba, kuma na san zai yi hushi da ni. To bari ya yi. Kwana biyar ke nan bai ci abin kirki ba tun da wasiƙarki ta zo, ni kuwa na tsufa da kallon irin wanga abu.

Ɗiyata, ki zauna kahin ki ci gaba.

Yayanki ba a jirgi ya shigo ƙasar ga ba kamar yadda ya hwaɗa muku. Da bizarshi ta Amirka ta ƙare, wani ya kai shi bakin iyaka a mota cikin watan Disamba, ya nuna mishi wata hitila can nesa ya ce Kanada ke nan, tahiyar rabin awa. Awa bakwai ya yi cikin ƙanƙara, har gwiwa. Iska ta ɗauke mishi safar hannu ɗaya, ɗayar ta jiƙe. Wani direban kaminyo, babbar motar kaya, ya tsince shi bakin titi da sahe.

A asibiti zazzaɓi ya kore mishi Faransanci da Ingilishi duka, Hausa kaɗai yake yi. Suka aika masallaci neman mai jin yaren, aka turo ni. Da na shiga na yi sallama sai ya ce, “Baba, ka ce musu gobe zan tashi, akwai ban ruwa a garka.” Ni na hwassara mishi maganar lokotoro, wato likita. Yatsu bakwai aka yanke. Manyan biyu sun tsira, da manuni na dama.

Shekara huɗu ke nan. Takardun zamanshi sun hito, yana aikin amsa waya da Faransanci, ba ya roƙon kowa. Amma duba hotunan da ya aiko muku, za ki ga hannu kullum cikin aljihu. Ba mata, ba ɗa, ba laihin da kika yi. Kunya ce kawai.

Na sauke nauyi. Allah ya yahe mini in na yi kuskure.

Naki,
Jika na Tamaske

Madawa, 13 ga Maris

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Jika ya rubuto mini.

Na buɗe hotunanka duka, goma sha ɗaya ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu ina nuna wa ƙawayena su ina cewa ku ga yayana ɗan gayu. Na kasa cin abinci. In na ɗaga cokali sai in tsaya ina kallon hannuna.

A watan da abin ya faru ka aiko mana murya kana dariya, kana cewa ƙanƙara kamar garin rogo take. Daga gadon asibiti ka yi ta?

Winnipeg zan cike. Ba shawara nake nema ba.

Hafsa

Winnipeg, 15 ga Maris

Ƙanwata,

Salamu alaikum. I, daga gadon asibiti na yi ta. Baba Jika ne ya riƙe wayar. Na yi masa faɗa shekaranjiya, ya bar ni na gama, ya ce, “To yanzu ka ci tuwo.” Na ci.

Ki yafe mini waccan wasiƙa. Na zaci in na ɓata miki rai za ki tafi Kebek ki huta da ni.

Amma ki saurare ni, yanzu ba kunya ke magana ba. Na iya sa riga, na iya alwala, na iya dafa shinkafa. Maɓalli ne kawai da igiyar takalmi suka gagare ni, na daina sayen masu su. Na san ki. In kin zo nan, ranar farko za ki karɓe tukunya, ranar biyu wanki, karatun ya koma abin da ake yi in an samu sarari. Shekara huɗu na yi ina koyon waɗannan abubuwa, za ki ƙwace mini su cikin mako guda da sunan tausayi. Ga farfesa da ta san gangaren ƙasarmu tana jiran ki. Ni na bi fitilar da wani ya nuna mini, na ga abin da na samu. Ke ki tafi inda kika sani.

Abu ɗaya nake roƙo: kar Inna ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Yayanki,
Zakariya'u

Tama, 19 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ban cika maka roƙonka ba. Ban yi niyya ba, amma da na shigo gida Inna ta kalle ni sau ɗaya ta ce, “Wa ya mutu?” Na ce ba kowa. Ta ce, “To zauna ki faɗa.”

Na faɗa. Tana yanke ganyen albasa, wuƙar ta faɗi, ba ta ɗauka ba. Ta ce, “Nawa?” Na ce bakwai. Ta ƙirga a nata hannun, tana lanƙwasa su, ta daɗe tana kallon abin da ya rage. Sai ta tashi ta tafi garka, ba ta dawo ba sai la'asar.

Da ta dawo ta tambaye ni wane gari ne karatun ya fi. Na ce Kebek, amma Winnipeg zan je. Ta ce, “Ba za ki ba. Ba jinya aka ba ki bursi ki yi ba.” Na ce to shi fa? Ta ce, “Shi ni zai zo wa. Ki rubuta masa yadda na faɗa, kar ki gyara: ni ɗa na haifa, ba yatsu ba. Ya taho kafin ki tashi, in gan ku tare a tsakar gidan nan.”

Na aika dosiye yau da safe. Kebek.

Ƙanwarka,
Hafsa

Winnipeg, 2 ga Afirilu

Hafsa,

Salamu alaikum. Na ɗauki hutu. Zan sauka Yamai ranar 9 ga Yuli, washegari in shigo motar Madawa.

Ki zo tasha ke kaɗai. Jakunkuna biyu ne, ɗaya mantonki ne a ciki. Za ki ɗaukar mini ɗaya.

Ki gaida Inna.

Zakariya'u