Zo Ka Karɓi Akwatinka, Yaya Haruna

Zuwa ga Yaya Haruna, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na gaishe ka don addini ya ce a gaida ɗan'uwa, ba don raina ya so ba. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da ba mu taɓa sa wa ido ba. Wannan takarda ban rufe ta ba. Na roƙi mai kawo ta ya karanta a majalisar mutanen garinmu Mai Wurno da kuke zama bayan la'asar, kowa ya ji, tunda waɗanda na rufe na aiko maka duk ka haɗiye su ko tari babu.

Maganar akwatin wasanka ce.

Na san ba ka manta ranar da lori ya sauke shi a ƙofar gida ba. Ya kusa kai tsawon mutum, da gilashi a gaba irin na talabijin da sanduna biyu masu baƙin kai. Ka ja wayar wuta daga injin niƙan maƙwabcinmu, ka kunna, sai ga 'yan tankokin yaƙi biyu suna harbin juna. Zaure ya cika har waje. Kana tsaye cikin farar jallabiya, kana ɗaga hannu don a ga agogo, kana koya wa dattawa yadda ake tura sanda. Ranar da za ka koma ka dafa akwatin a gaban Baba, ka ce ajiya ce, a riƙa kunna shi kada ya mutu, da kaka za ka zo ka ɗauka ka buɗe wurin wasa a garin Damazin.

Ka san abin da ajiya take nufi a gidanmu, shi ya sa ba zan yarda cewa subutar baki ka yi ba. Tun zamanin kakanmu, masu tafiya hajji a ƙasa daga yamma suke barin kaya a ɗakin bayan nan, tukwane, sirdi, buhun littattafai. Baba ya gaji ɗakin da abin da ke cikinsa. Bai taɓa sayar da ko cokali ba. Wanda ya rasu a hanya, sai ya bi sawun magadansa. Muna yara ya hau jirgin ƙasa har Gadarif don ya mayar wa jikan wata tsohuwa tasar tagulla. Yau dawa muke zubawa a ɗakin, don Baba ya mayar wa kowa kayansa. Ajiya ɗaya ta rage a wuyan tsohon nan, kuma ta ɗan cikinsa ce.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta biyo ta. Mun yi ta kunnawa kamar yadda ka ce, jama'a suna ta murza, har sandar dama ta fara lilo. In ka sake ta ba ta komawa tsakiya, tankar sai ta kama hanyar hagu ita kaɗai ta je ta manne a bango. Ranar da Baba ya gani ko abincin rana bai ci ba. Ya hana kowa taɓawa, ya ce abin da aka ba shi a tsaye ba zai mayar da shi a karkace ba. Daga nan ya yi mata maganin da yake yi wa ƙyauren ƙofa da almakashi, ya ɗura mata man riɗi har ya malalo. Man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, ya cinye robar wuyan sandar, tururuwa suka tare a ciki.

Ni da aikina shi ne noman auduga a hawasha, gonar da hukuma ta yanka mana, ni na koma makanike ƙarfi da yaji. Na kwance ta na wanke da kananzir. A gindin sandar akwai 'yan siraran ƙarafan tagulla da take taɓawa in an tura ta. Na goge su da samfefa, na lanƙwasa su kaɗan kaɗan har suka daina haɗuwa da kansu. Na yanko roba daga tsohon tiyub na keke. Sifirin ɗin da ke mayar da ita tsakiya ya riga ya mutu, sai da na je Sinnar na tona tarkacen masu gyaran famfo kafin na sami mai kama da shi. Na rubuto maka na ce ka aiko da na asali. Abin da ka aiko hotonka ne, ka jingina da motar da ban ma yarda taka ba ce.

Tun daga lokacin, kullum in Baba ya sha shayin safe sai ya dogara sanda ya je zaure. Ya tura sandar gaba, ya ja ta baya, ya sake ta. In ta koma tsakiya sai ya ce, "Madalla. Mai kaya shi taho yau in ya so, ba mu jin kunya."

Ka ji ko? Kai ake jira, amma shi ne yake tsoron kunya.

Da daminar bana hannunsa na dama ya fara mutuwa. Wata safiya ya tura sandar ta ƙi motsi, ya rufe ni da faɗa wai na bar ta ta ƙage. Yaya, lafiyarta ƙalau. Ban iya gaya masa ba. Da ya shiga ciki na kwance ta na datse sifirin ɗin kaɗan don ta yi laushi, washegari ya tura ta tafi, ya sa mini albarka. Bayan 'yan makonni ta sake yi masa nauyi, na sake datsewa. Haka muka yi ta yi har sifirin ɗin ya ƙare, na ciro na cikin tocila na sa. Yanzu in ka hura mata iska da baki ma sai ta karkata.

Na taɓa ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai kayan ɗansa ne, ba na baƙo ba. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana na, amma kayanai na. In na tafi da su bisa wuyana, mi za ni ce?"

Don haka ba kuɗi nake nema ba, kada ka aiko. Kada ka aiko turare, kada ka aiko kaset da muryarka kana kukan ƙarya, don Baba ya ce da hannu aka ba shi, da hannu za a karɓa. Ka zo ka dafa akwatin nan a gabansa ka ce ka karɓa. Bayan haka in ka ga dama ka jefa shi a kogi ka koma Jiddarka a ranar, ba zan riƙe maka riga ba.

Ina jin haushinka sosai, kuma ba zan ɓoye ba. Amma sandar hagu, wadda kullum kake ɗauka in za mu buga, kana ture ni da kafaɗa kana dariya, ban taɓa kwance ta ba. Ina goge ta ne kawai. Tana nan da ƙarfinta kamar ranar da ka sake ta.

Jiya Baba bai iya turawa ba sam. Ɗora hannun kawai ya yi, nauyin hannun ya karkata ta, da ya zame ta koma tsakiya. Ya yi murmushi, ya ce in share zauren ko za ka iso. Na share. Babu sauran abin da zan rage a cikin sandar nan, Yaya.

Allah ya ara wa Baba kwana har ka iso. Allah ya sauke masa wannan nauyi yana da ransa. Kai kuma Allah ya sa ka ji kunyar mutanen da ake karanta wannan takarda a gabansu, tunda tamu ba ka ji ba. Amin.

Ƙaninka mai gadin kayanka,
Isiyaku
Mai Wurno