Ƙafar Ɗana Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga Mai Girma Kocin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar da ɗana yake karatu, a nan Greensboro.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran da Allah Ya ɗora maka amanarsu.

Ni ne mahaifin yaron da yake yi maka bugun farko, wanda yake kafa ƙwallo a layin yadi talatin da biyar ya buga wa abokan hamayya a buɗe wasa da kuma bayan kowane ci. Mutumin Maraɗi ne ni, ina zaune a McLeansville, ina aiki a wani siton kaya a Wendover. Ƙorafi ne ya sa na ɗauki biro, amma sai na fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole.

Na farko. Kai ka ga yaron nan yana buga ƙwallon ƙafa irin tamu a sakandare, ka ce wannan ƙafa tana da aiki a wurinka. Ka ba shi gurbin karatu. Da azumi ka mayar masa da motsa jiki zuwa bayan shan ruwa ba tare da kowa ya roƙe ka ba. Ranar Juma'a kana sakinsa ya je masallaci. Ban taɓa zama na gode maka ba, to yau na gode, Allah Ya saka da alheri.

Na biyu. Ya kamata ka san irin idon da muke kallon wasanku da shi. Ni gola ne a ƙuruciyata, kuma a filin unguwarmu abu ɗaya ake auna ƙafa da shi: nisa. Wanda ya ɗaga ƙwallo ta wuce tsakiyar fili shi ne namiji. Wanda ya gangara ta a ƙasa, ko ba shi da lafiya ko tsoro ya kama shi. Da haka na koyar da ɗana a bayan gida tun yana ɗan shekara shida. Shekararsa ta farko a wurinka, duk bugun da ya yi sai ƙwallo ta fice ta bayan fili. Mu 'yan Nijar muna cika benci biyu, ba mu san kan wasan ba, ba mu san gindinsa ba, muna jiran bugun nan kaɗai. In ya yi sai mu miƙe da ihu, sauran awa ukun kuma mu sha hira.

Na uku, nan ne ƙorafin. Bana aka buɗe kakar wasa, yaro ya ja baya, ya sheƙo a guje, sai ga ƙwallo tana birgima a ƙasa tana tsalle kamar ɗan akuya, ta nufi kusurwa. Na ce kuskure ne. Ya sake, haka. Asabar ta zagayo, haka. Babu wanda ya ce mana komai. Uwarsa, Hajiya Rabi, ta ce sammu ne ko baki. Ta sa aka yi tofi, ta haɗa masa man kaɗanya, duk Lahadi in ya zo cin tuwo sai ta zaunar da shi ta murza masa cinya. Yaro ya miƙa ƙafa lafiya lau ana murzawa.

Ana nan aka yi suna a gidan Alhaji Laminu, dattijonmu da ke Pleasant Garden. Bayan an ci an sha, Alhaji ya dube ni cikin raha ya ce, "Malam Sale, ƙafar yaronka ta yi ritaya ne? Ko burodin lakwal ne, cimar makarantar nan, ya kashe ta?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na sa aka kira yaron daga wajen samari, ya zo ya durƙusa. A gaban dattijai sun fi goma na ce masa ya zama rago, na ce ya zubar mini da mutunci, har na tambaye shi ko ya fara shaye-shaye ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba. Sorry." Ya tashi ya fita.

Yau mako shida ke nan bai taka gidana ba. Yana kiran uwarsa a waya, in ta ce ga babanka sai ya ce yana da aji. Kwanonsa na Lahadi a rufe ake mayar da shi.

Na huɗu. Wanda ya buɗe mini ido wani tsohon Ba'amurke ne mai tuƙa motar ɗaga kaya a wurin aikinmu. Lokacin cin abinci na yi masa kukan ƙafar ɗana ta lalace. Ya ajiye cokali ya kalle ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. Ya jera marafan kwalba a kan tebur ya yi mini karatu.

Ashe shekarun baya an canza doka a wasan jami'o'i don a rage mugun karon da yara ke yi. Yanzu in ƙwallo ta taho a sama, mai tarbarta yana iya ɗaga hannu ya kaɗa, ya cafe, babu mai taɓa shi, a kai musu ita layin yadi ashirin da biyar. In ta fice ta bayan fili ma can ɗin za a kai. Ke nan bugun nan da muke wa ihu kyautar yadi ashirin da biyar ce ake miƙa wa abokan hamayya. Kai kuma ka ce ba za ka yi kyauta ba. Ka sa yaro ya riƙa aika ta ta ƙasa zuwa kusurwa, domin in ta riga ta taɓa ƙasa ɗaga hannu ba ya amfani. Ƙwallonku kuma mai siffar ƙwai ce, ba ta san hanya ba, kafin mutum ya kama ta yaranka sun iso kansa. In kuwa bugun ya karkace ta fita ta gefe, laifi ne, su ake ƙara wa fili. Tsohon ya ce masu ƙarfin ƙafa sun yi yawa a jihar nan, amma mai iya ajiye ƙwallo a wannan lungu sau biyar a jere, shi bai ga kamar ɗana ba.

Malam Koci, wannan dabara ce ta mai hankali, na sara maka. Na koma na kalli wasannin bana a waya ɗaya bayan ɗaya, na ga sau nawa aka tsayar da abokan hamayya ba su kai layin yadi ashirin da biyar ɗin ba. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na gane cewa ka gargaɗi yaranka kada dabarun ƙungiya su fita waje, yaro ya riƙe maka amana. Na gane kuma ni na koya masa ba a musu da uba a gaban mutane, ya riƙe mini tawa. Tsakanin tarbiyyarka da tawa aka matse shi, ya rasa bakin magana.

Laifin baki nawa ne, ba na ɗora maka. Amma kai ma kana da naka kason. Ka ɗauki ɗan mutanen da ba su gaji wasan nan ba, ka juya masa aiki gaba ɗaya, ba ka yi tunanin abin da za a ce masa a gida ba.

Don haka ga roƙona.

Ɗaya, kafin kowace kaka ka tara iyaye irinmu ko na rabin awa ne, ka gaya mana abin da za mu gani da abin da ya kamata mu yi wa tafi. Ba sirrinka muke nema ba.

Biyu, kada ka canza dabarar nan saboda surutunmu. Ranar Asabar za ka ga benci biyu sun miƙe wa ƙwallo mai birgima, har da Alhaji Laminu, na riga na yi masa karatun marafan kwalba.

Uku, wannan shi ne babba. Da gangan na rubuta maka da Hausa, ba don Turanci ya gagare ni ba. A duk ƙungiyarka mutum ɗaya ne zai iya karanta maka takardar nan. Ka kira shi ofis, ka rufe ƙofa, ka ce ya fassara maka layi bayan layi, kada ka bari ya tsallake ko ɗaya. Ɗan fari ne, a al'adarmu ko sunansa ba na kira, balle in tsaya a gabansa in ce na yi kuskure. To na yi kuskure. A gaban mutane na ci masa fuska, shi ya sa na mai da ita buɗaɗɗiyar wasiƙa, mutanenmu ma su gani. In ya iso nan, ka ba shi lokaci. Mamman Sani, ka yafe wa babanka, ka zo gida.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya kare yaranka daga rauni, Ya ba ku nasara a sauran wasanninku.

Wassalam.

Malam Sale Maraɗi,
McLeansville.