Alamun Kyaftin Hulusi

Kolon, 4 ga Maris

Ƙanena Rifat,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Sewim da yara, da fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ma cika minti biyar ba mu yi faɗa ba.

Na sayar da kantin maganina. Shekara talatin da ɗaya ina miƙa wa Jamusawa maganin tari, ya isa haka. Abu na farko da na yi shi ne na ɗauki hayar jirgin ruwa na shaƙatawa, irin manyan nan na katako da ake ƙerawa a garinmu Bozburun, na mako guda a watan Yuni. Ɗaki shida ne, kowanne da banɗakinsa da na'urar sanyi, ga kuku, ga katifu a sama don masu shan iska. Kada ka tambaye ni kuɗinsa, hawan jininka zai tashi.

Ba hutu nake nema ba. Ka tuna duk farkon bazara in Baba zai fita nutson soson teku, kai ake ɗagawa a sa cikin jirgi, ni kuma a miƙo mini kwano in zuba ruwa a bayanku don ku je lafiya ku dawo lafiya. Wai 'ya mace ba ta hawa jirgin soso. Duk tsibiran nan a bakinku na ji sunansu, ina wanke muku kaya masu warin gishiri. Shekarata hamsin da tara, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ina so Baba ya kai ni teku sau ɗaya kafin ɗayanmu ya rigayi ɗaya. Na san kai kana aiki a jirgin mutane lokacin, ba za ka samu zuwa ba. Naka kawai ka shawo mini kansa.

Ka sumbatar mini hannun Baba. Ina sumbatar idanunka.

Yayarka, Nebahat

Bozburun, 19 ga Maris

Abla, yayata mai daraja, uwar masu kuɗin Jamus,

Muna lafiya, Sewim tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da man shafawar nan, ba irin na bara ba.

Na san jirgin da kika ɗauka. Erdal ne ke tuƙa shi, ɗan Mustafa Kurma wanda ya yi wa Baba nutso shekara ashirin. Na karanta wa Baba wasiƙarki, amma na tsallake wajen kwano, ban da ƙarfin hali. Ya ce, “Ni Hulusi a kwantar da ni a katifa, a miƙo mini lemo da tsinke a ciki kamar Bature? Ɗan Mustafa ya riƙe sitiyari ina zaune? Ka ce mata ta kwashi ƙawayenta.” Ya ƙara da cewa jirgin da ke da na'urar sanyi otal ne da ya faɗa ruwa.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya hana ni faɗa. Ba ƙafa ba ce, Abla, ido ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuwa haske da duhu kawai yake rabewa. A gidan shayi ya daina dara, wai yaran yanzu sun lalata wasan, kowa kuma yana yi kamar bai gane ba. Kin san yadda su Baba suke gane wuri a teku, ba taswira ba na'ura. Sai su daidaita abu biyu a tudu, wannan ya hau kan wancan, su sake daidaita wasu biyun ta wani gefen, inda layukan suka haɗu nan ne wurin. Mutumin da ya ciyar da gida da wannan sanin, kike so a fita da shi a gaban ɗan yaronsa, a tambaye shi ina muke ya rasa amsa? Tsoro yake ji, shi ya sa yake zagi.

Ni ma ba zan iya taimakonsa ba ko da zan zo. Ya koya mini alamun nan ina yaro, amma tun shekarar da cuta ta kashe soso na koma ɗaukar masu yawon buɗe ido, na'ura ce idona. Wallahi ko ɗaya ban riƙe ba, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Ki yi haƙuri ki fasa. Ina sumbatar hannunki.

Rifat

Kolon, 28 ga Maris

Rifat,

Bayan gaisuwa. Wata nawa kuna ɓoye mini, ni da na yi rayuwata cikin magani? Za mu yi wannan maganar ido da ido, kuma ba za ka ji daɗinta ba.

Ban fasa ba. Ka zaunar da Baba ka karanta masa wannan, kada ka tsallake ko harafi:

“Ka bar bakin gaɓa, ka sa tsibirin awaki a kafaɗar hagu. Ka yi ta tafiya har farar cocin da ke tsibirin Girkawa ta taɓa hancin baƙin dutse. Ka riƙe ta a nan kada ta kuɓuce. In zaitun uku na kan tudu suka shiga ƙarƙashin tsagar dutsen gabas, ka tsaya. Gaba goma sha takwas, ƙasan jan tsakuwa. Nan ne Rumbu.”

Yana koya maka a tsakar gida kana hamma kana kallon ƙwallon maƙwabta, ni ina bayan ƙofa da tire wai ina tsince shinkafa. Ka tambaye shi ko na yi kuskure.

Nebahat

Bozburun, 9 ga Afrilu

Abla,

Gaisuwa, da neman gafara tun kafin ki iso.

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, “Huɗu ne. Zaitun huɗu ne, ɗaya ya ƙone daga baya. Wa ya faɗa mata?” Na ce ba kowa, a bayan ƙofa kika ɗauka. Ya ce, “Kai fa, maimaita mini ba tare da takardar ba.” Na fara kame-kame. Abla, shekarata hamsin da biyar, ina da jika, amma tsohon nan ya kira ni jaki a gaban matata, ita kuma ta yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan ya sa na ƙona wasiƙar a murhu yana sauraron ƙarar takardar. Ya ce in faɗa miki ba a rubuta alama, daga baki take zuwa kunne, kuma da ke ɗansa ce da kin sha mari.

Jiya ya aike ni in nemo masa tsohuwar igiyarsa mai darma, ta auna zurfi. Ya ce zai je, amma da sharaɗi biyu. In an doshi Rumbu, ɓoyayyen wurin sosonsa, Erdal ya rufe na'urarsa mai nuna hanya. Ke kuma ki tsaya kusa da shi ki riƙa faɗin abin da kike gani a hankali, kada ma'aikata su ji. Erdal ya yarda, har ya ce ubansa ya mutu bai san yadda ake zuwa wurin ba.

Rifat, jakin gidanku

Daga cikin jirgi, 17 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaishe ka daga inda ban taɓa zaton zan gaishe ka ba. Zan ba da wannan a tashar gobe.

Kwana biyun farko Baba ya hana kowa sakat. Ya ƙi ɗakinsa, ya kwanta a sama kusa da sitiyari. Kuku ya kawo kifi da wani farin romo an yi masa ado da ganye, ya shinshina ya ce, “Wane laifi kifin nan ya yi maka?” Amma da iska ta juya, shi ya fara faɗa kafin tuta ta motsa. Na ga tsibirin awaki, Rifat. Ɗan ƙarami ne, ba komai sai duwatsu da ƙaya, ni kuwa na tsaya ina kuka kamar an nuna mini Makka.

Da safiyar jiya muka doshi Rumbu. Erdal ya rufe na'urarsa da tawul. Na tsaya a kafaɗar Baba ina raɗa masa, shi kuma yana ɗaga murya, “Dama kaɗan! Riƙe nan!” kamar da idonsa yake gani. Farar cocin ta zo ta taɓa hancin dutse daidai yadda na ji a bayan ƙofa. Sai na juya gabas neman zaitun. Babu su. An share tudun, an dasa otal mai hawa biyar.

Na yi niyyar in ce masa ga su nan, don kada in karya masa zuciya. Amma ya ce, “Me ya sa kika yi shiru?” sai na faɗi gaskiya. Ya ce, “Shi ke nan, a juya.” Na ce, “Ba inda za mu juya, Baba. Cocin tana hannuna. Igiyarka ta mece ce?”

Ya aika kicin a kawo kitse, babu, sai man shanu na Faransa, ya dangwala a gindin darmar don abin da ke ƙasan teku ya manne, yana tsaki. Muka bi layin cocin a hankali, yana jefawa yana ƙirga gaba da hannuwansa. Talatin, laka. Ashirin da shida, laka. Sau tara muna yi, rana ta yi zafi, hannunsa har ya fara jini, ya ƙi ba kowa igiyar. A jifa na goma igiyar ta tsaya da wuri. Ya jawo, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini ya ce, “Wane launi?” Na ce ja. Erdal ya janye tawul ya duba, ya zo ya sumbaci hannun Baba.

Sai Baba ya ce mini, “Duba gabas. Nemo abin da ba mai kuɗin da zai iya tumɓukewa.” Na duba na zaɓa, na raɗa masa a kunne. Ya maimaita sau biyu, ya ce, “To, wannan alamar taki ce.” Kada ka wahalar da kanka da tambaya, ba a rubutawa.

Ina cikin farin ciki, kuma ina jin haushin shekarun da suka wuce, duka a lokaci guda. Ina sumbatar idanunka.

Nebahat

Bozburun, 2 ga Satumba

'Yata Nebahat,

Ni ne ubanki, Rifat ke rubutawa. Ina lafiya. An ce kin koma lafiya.

Saura wurare goma sha ɗaya da ban ba ki alamunsu ba. Jiya na lissafa su, ɗaya ya ƙi zuwa sai da yamma. Kada ki sake ɗauko otal ɗin nan na kan ruwa, ƙaramin jirgin maƙwabcinmu ya ishe mu. Tun kina shekara tara ya kamata in ɗaga ki in sa ki cikin jirgi, ban yi ba, laifina ne.

Ki zo kafin sanyi, tun suna kaina.

Hulusi