Ƙirar Beljiyam a Buhun Shinkafa

Unguwar Misfala, kusa da Harami, daren Talata, Zulƙida 1384

Yau maigidana, Ammi Salihu, ya kai ni bayan iyakar Harami in zaɓar masa ƙaramar bindiga, tunda na taɓa aikin soja. Biyu aka kawo. Na turbuɗe su a yashi, na kakkaɓe, na gwada. Ƙirar Sifen mai ƙyalli ta cije a harsashi na biyu. Ta Beljiyam, duk da ta koɗe, ta zazzage cikinta tas. Na ce ita.

Sai ya ce, "Ɗayyib, ya yi, Malam Idi, ajiye min a ɗakinka sai bayan Arfa."

Ni da ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, a garin da ko tantabara ba a kora! Ga bindigar can cikin buhun shinkafa. Me ya hana ni cewa duk biyun ba su da kyau?