Tsohon da Na Ba Amanar Jakata

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Ni ƙalau nake, kada ki tada hankalinki.

Hutun nan na hau doguwar bas zuwa yawon buɗe ido. Wani tsoho ya zauna kusa da ni, har Baba nake ce masa. Da muka tsaya a tasha, na ba shi amanar jakata na tafi alwala. Na dawo, ba Baba ba jaka. Direba kuwa taɓe baki kawai ya yi. Mutum da furfura har gemu, Yaya, bai ji kunya ba.

Wayar ce ke ci mini rai, saƙonnin muryar marigayiya Inna duk suna ciki. Ki adana mini naki. Ko wanda take yi mini faɗa ne, ina so.

Ƙaninki