Ina Derlis, Mama?

Buenos Aires

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya rogon bana? Ni lafiya lau, aikin ginin ne dai na ɗan ajiye.

Mama, duk sanda na kira sai ki ce ɗana Derlis yana makaranta. Har ranar Lahadi? Maƙwabciyarmu Ramona ta ce yana kwance da ciwon ciki da zazzaɓi, kuma an ga Ña Eulogia mai magani ta shigo da ƙyallen da take auna masu ciwon ciki da shi.

Ni ma haka wata tsohuwa 'yar garinmu ta auna ni a nan, ta ja fatar bayana, ta ce, "Abinci ne ya tsaya, ɗana." Ciwon ya lafa, na yi murna. Ashe hanji ne ya fashe, ruɓa ta bazu a cikina. 'Yar tiyata ce aka yi mini, kada ki damu. Robar da aka sa a gefena don fitar da ruɓar ma an kusa cirewa.

Don Allah kada a ba shi maganin wanke ciki. Ku kai shi asibitin garin Caaguazú yau.

Allah ya ƙara miki lafiya. Zan kira jibi. Muryarsa nake son ji, Mama, ba taki ba.

Ɗanki,
Fidelino